Motar Yaya a Buhun Shinkafa

A cikin buhun shinkafa ya dawo mini da ita. Wannan ne abin da har yau na kasa mantawa. Da hannu biyu ya ɗauke ta daga ɗakina tana ƙyalli, amma da zai maido ta sai ya jefa ta a tsohon buhun da ya sha rana har ya fara zarewa, ya ɗaure bakin da igiyar leda. Kuma bai tashi kawowa ba sai ranar Ƙaramar Salla, a gidan Kawu a Argungu, dangi sun cika tsakar gida kowa da sabon ɗinki.

Taubashina nake nufi, ɗan Kawu. Kawu ƙanen Inna ne, ciki ɗaya. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, ga shi mun fara furfura bai daina ba. Dillalin shinkafa ne, yana da injin casa a bayan gari, yana da tumbi, yana da muryar da ake ji daga ƙetaren titi. Ni ma'aikacin ofis ne a Birnin Kebbi, ina zaune Badariya da iyalina da Inna. Kowa ya san yadda taubasai suke: ya zage ka gaban surukinka, ya cire maka hula a kasuwa, ya zura takalminka ya tafi da shi, kai kuma ka washe baki. Ranar da ka ɓata rai, kai ne ka yi abin kunya, ba shi ba. Na yi shekaru ina washe baki. Huluna, agogo, har rediyo, ban taɓa sa ko ɗaya a rai ba.

Amma motar ba tawa ba ce. Ta Yaya ce.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Ya taɓa zuwa wani kwas ƙasar waje, abokan tafiyarsa suka dawo da talabijin da atamfofi, shi ya dawo da motar wasa. In na ce motar wasa, kada ka kawo ta yara ta kasuwa a ranka. Tsawonta ya kai kamu guda, nauyinta kamar sabuwar haihuwar ɗan akuya, tayoyinta masu haƙora. Injin gaske gare ta, da tanki, da salansa, igiya ake ja ta tashi kamar ƙaramin janareto, sannan a tuƙa ta da rimot daga nesa. Man da take sha ba fetur ba ne, wani ruwa ne ja-ja da ake kira naitiro, ba a samunsa a duk Kabi sai an yi saƙo daga nesa. In ya ƙone yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, yana kuma sa ido hawaye.

Duk Salla Yaya zai sako ta a but mu tafi Argungu. Bayan gidan Kawu, ta hanyar Gulma, akwai filin da ake shanya shinkafa, a nan yake tada ta bayan an ci tuwo. Idon Inna ya riga ya tafi a lokacin. Sai a shimfiɗa mata tabarma a gindin dogonyaro, ta karkata kai tana bin kukan motar, ya yi gabas ta bi shi, ya dawo ta dawo. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ɗan fari ne, "yaron ga" take cewa ko bayan ya tara 'ya'ya. In motar ta gifta ta gabanta sai ta ce, "Ji dai, babban mutum da wasan banza," alhali bakinta ya ƙi rufuwa.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Yaya, bai tashi ba. Da matarsa za ta bar gidansu na unguwar Gesse ta kawo mini motar da rimot da ragowar man a galan, ta ce yaran sun yi ƙanana, kuma ya sha faɗa cewa ni kaɗai yake yarda ya ba wa tuƙinta. Na goge ta na ɗora a kan kanta a falo. Ban iya tada ta ba. Duk lokacin da na kai hannu ga igiyar sai in fasa.

A kan kantar taubashina ya gan ta, wata rana da ya shigo gari ya biyo gaida Inna.

"Bawa, wagga mota mi taka yi nan tana shan ƙura?"

"Ta Yaya ta, aje ta," na ce, ina dariya don dole.

"Shi ma Yayan bawana na, Allah shi jiƙan shi. Kayan bawa kuwa na ubangidanai na."

Ya ɗauke ta da hannu biyu ya rungume, sannan ya saki ɗaya ya ɗauki galan. Matata ta kalle ni, na kau da kai. Na bi shi har waje ina roƙo kamar mai bin likita: kada a zuba mata wani mai in ba nata ba, kada a cire soson nan da ke bakin inji, shi yake tace iskar da take shaƙa. Ya rufe but ya ce, "Ni da nika da injin casa kaka koya ma inji?" Ya ja motarsa ya bar ni da hayaƙi.

Azumi ya kama, ana cikinsa wata la'asar Inna ta kira ni ta ce, "In Salla ta zo, ka tada mani abin yaron ga in ji." Tun rasuwarsa ba ta nemi komai nasa ba sai wannan. Na buga wa taubashina waya, ya ce tana nan lafiya lau, in taho in iske ta.

To, na iske ta. Ya kwance buhun a tsakiyar jama'a ya zazzage ta ƙasa kamar mai zazzage dankali. Fentin duk ya kwarzane, injin ya yi baƙi, na ja igiyar na ji ta ƙame ƙam. Shi kuwa ya tsaya yana ba da labari, hannu a sama, kamar mai wasan kwaikwayo. Wai da man ya yi ƙasa sai ya ƙara masa fetur don ya yi auki. Wai soson yana danne mata murya, sai ya fizge shi, yadda samari ke fasa salansar babur don a ji su. Sannan ya sake ta a gefen injin casarsa, cikin ɓuntu da rairayi.

"Tay yi kuka awa ana yanka ta, sai ƙat! Shiru. Motar bayi dai, babu ƙwari."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Inna tana kan tabarma, ta riga ta gyara zama don a kai ta fili. Ta ce, "Mi af faru?" Wata ta sunkuya ta gaya mata a kunne. Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Taubashinka na. Ba a hushi."

Wallahi na yi dariya. Haƙorana duka a waje, har da dafa kafaɗarsa. Na ɗauki motar, na naɗe buhun da kyau na sa a but. A raina kuwa na yi alkawari: sai na mayar masa da wani abin da yake so a cikin wannan buhu, a gaban waɗannan mutane, ina dariya irin tasa. Ban san ko mene ne ba tukuna.

Da na koma gida na kwance injin a zaure. Cikinsa kamar an bi shi da ƙusa ana zane, ɗan ƙarfen da ke tura fistin ya karye biyu, ga ɓuntu ya dunƙule da mai ya zama kamar kwalli. Babu abin gyarawa. Akwai wani zaure na waya da nake ciki, na masu irin wannan wasa, yawancinsu 'yan Kaduna da Legas. Na tura musu hoto, suka yi mini jaje kamar an yi rasuwa. Suka ce ko na sayi sabon inji, wahalar man tana nan, gara in mayar da ita ta lantarki. Akwai wani irin inji marar burushi, wato babu ɗan gawayin nan da ke gogewa ya cinye a cikin janareto ko injin huda ƙarfe, batir kawai yake ci.

Na ce Allah ya kiyaye. Motar Yaya da batir, kamar tocila? Sai wani ya turo mini bidiyon tasa da ya mayar. Yana taɓa rimot ta ɗaga ƙafafun gaba ta ɓace daga hoton. Na maimaita bidiyon har wayata ta yi zafi, kuma duk kallon da na yi, tumbin taubashina nake gani.

Fiɗar ce ta fi yi mini wuya. Na cire injin, na cire salansa, na cire tanki, na cire birki da 'yan sandunan da ke jan maƙura. Da na buɗe murfin tankin, ƙamshin nan ya taso, ƙamshin hannun Yaya ranar Salla, sai da na fita tsakar gida na wanke fuska. Na dawo na tarar da ita tsirara, farantin ƙarfe da tayoyi huɗu, na ce mata ki yi haƙuri, ba ni na fara ba.

Kayan suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya ta hannun direbobi, ina zaryar tasha. Injin ya zo, bai fi gwangwanin tumatir ba, na riƙe shi a tafin hannu ina tsaki. Ɗan akwatin da ke raba masa wuta ya zo. Mazaunin injin ya zo, amma ramukansa suka ƙi haɗuwa da na farantin, don motar tsohon yayi ce. Na ari injin huda, na auna, na sa alama, na huda, ramin farko ya kauce. Na zagi ramin, na zagi taubashina, na sake hudawa. Sai kuma haɗa haƙoran giya, ƙaramin na inji da babban na mota. In sun matse su ci juna, in sun saki su fasa juna. 'Yan zauren suka ce in tura siririyar takarda tsakaninsu in ɗaure, in na zare ta abin da ya rage shi ne daidai. Na yi, na kwance, na sake yi, har matata ta daina kirana cin abinci, sai dai ta turo kwano da ƙafa.

Batiran su ne masu rai. Ba sa son zafi, mu kuwa zafi ne arzikinmu. Na farko na manta shi a mota da tsakar rana, na dawo na tarar ya kumbura kamar fanke. Da na karanta cewa irinsu kan kama da wuta, sai na ɗauki tsohuwar randar matata na zuba rairayi a ciki, nan ya zama ɗakinsu, nan nake yi musu caji in an kawo wuta. Matata ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ni dai in ka ƙone mani ɗaki, gidanmu ba nisa."

"Ba ɗakinki nika son ƙonewa ba," na ce.

Inna tana jin gurzar ƙarfe da zage-zagena ta tagar ɗakinta. Ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Babbar Salla ta zo ban gama ba, damina kuma ta cinye filin, muka je muka dawo, taubashina ya tambaye ni lafiyar gawa, na ce tana gaishe shi.

Ranar da na fara gwada ta, Gesse na kai ta, wani fili kusa da tsohon gidan Yaya. Na ajiye ta, na matsa rimot yadda na saba matsa wa mai inji, wadda sai ta yi gunji ta tattara ƙarfi kafin ta motsa. Kai! Wannan ba ta jira ni ba. Ta miƙe tsaye ta wuntsula ta faɗi a bayanta, tayoyin suka kumbura suka yi fale-fale, ɗaya ta yage. Na yi wata irin dariya ni kaɗai a fili, da wani ya gan ni da ya ce a kama ni. Na sa wata taya, na koyi taɓa ta a hankali, ta riƙa cin filin daga bango zuwa bango kafin in haɗiye yawu. Sai da dariyar ta lafa na lura da abin da ya ɓace. Babu kuka. Shuuu kawai, da ƙarar tsakuwa. Na zauna a kan wani bulo na dafe kai. Inna cewa ta yi tana son ta ji, ni kuma na gina mata bebiya. Wannan ma na ɗora shi a kan taubashina, don shi ya kashe muryar.

Bayan kaka, shinkafa ta yi kasuwa, sai ga bidiyo a zauren waya na dangi. Taubashina ya sayi tasa. Ja ce, sabuwa fil, mai inji, da katan na man gaske, kuma a lura, sosonta yana nan a bakinta, ashe ya san amfaninsa. Ya riƙa turowa safe da yamma, kowanne da saƙon murya: "Bawa, ga ta 'yan gida." Yana shafa ta, yana goge ta da gefen rigarsa, har suna ya sa mata. Ranar na ciro buhun daga inda na ɓoye shi na kakkaɓe. Na san abin da zai shiga ciki.

Mutanenmu da kunne suke auna ƙarfi. Babur in bai fasa kunne ba, ba babur ba ne, injin ban ruwa in bai hana maƙwabcin gona jin kiran salla ba, rago ne. Batir kuwa na tocila ne da motar yara. A kan wannan na gina komai. Ban tura hoto ko ɗaya ba. Da ya tambaye ni a waya, na sassauta murya na ce na dai lallaɓa na sa mata batir don yara su samu na wasa. Ya yi dariya har da tari. Abin da bai sani ba, a jikin rimot ɗina akwai ɗan maɓalli da ake murzawa, ya rage mata ƙarfi har ta koma rarrafe, ko ya sake mata shi gaba ɗaya.

Ƙaramar Salla ta zagayo. Rana ta take, filin ya bushe ƙayau, ɓuntu ya kwanta a gefe-gefe. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a gindin dogonyaro, aka kawo wa Kawu kujera, mata suka jeru a bakin katanga. Taubashina ya fito cikin farar shadda, ya durƙusa, ya ɗana ɗan ƙarfen da ke hura wa fulogi wuta, ya ja igiya. Ta tashi da wani ihu, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, jama'a suka yi sowa. Na ga Inna ta karkata kai.

Na ajiye ta Yaya, na murza maɓallin can ƙasa. Ta taka a hankali, tana ɗan zuuu, ta hau wani ɗan tudu da ƙyar. Dariya ta ɓarke. Taubashina har da riƙe ciki.

"Wagga ta? Awa mai jego! Bawa, shekara guda kana wahala, wanga abu kah haifa?"

Na sunkuyar da kai na ce ai tana ƙoƙari, in aka ba ta hanya ma ƙila ta bi tasa a baya. Na san shi kamar tafin hannuna, ba ya iya ganin rami bai zura ƙafa ba.

"Ta bi tawa? Ku ji mani! In wagga gawa ta riga tawa kai ga tsamiyar can ta dawo, ni na bawanka, ni da motar duka."

Na ce, "Kawu, ka ji?"

Kawu yana murmushi ya ce ya ji. Na ce ban ji da kyau ba, hayaniya ta yi yawa, a maimaita. Ya maimaita da ƙarfi, yana juyawa don mata su ji.

Muka jera su. Na zura hannu cikin hannun babbar riga na murza maɓallin har ya tsaya. Kawu ya ɗaga sandarsa ya sauke.

Tasa tana nan tana gunji tana tattara ƙarfi, ta Yaya ta tafi. Ta kwashi ɓuntu ta watsa masa a shadda tun daga gwiwa har gemu. Kafin jar ta kai rabin fili, tawa ta zagaye tsamiya ta juyo, suka yi kiciɓis, ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Ta iso, ban tsayar da ita ba, na zagaya ƙafafunsa da ita, na sake zagayawa, yana ɗaga ƙafa yana tsalle da tumbinsa, rimot a hannu. Ya rikice ya danna tasa cikin kunyar gona, ta kife, ƙafafu a sama, tana ta ihu. Wata daga cikin mata ta saki guɗa. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan daɗi ba.

Aka ɗauko masa ita aka miƙar, tana tsaye tana gurnani. Na ce to, ubangida, alkawari. Ya kakkaɓe gemu, ya dubi jama'a, sai ya fashe da dariya.

"Haba bawa, wasa na! Yaushe maganar taubashi taz zama shari'a?"

Suka taya shi, har Kawu. Ƙofar da ya fita bara, ita ya sake buɗewa, kuma babu mai hana shi, don ƙofar gado ce. Na zaro buhun daga aljihu na warware shi a gabansu, na ga wasu sun gane shi. Na sunkuya na ɗauki jar motar, injin yana rawa a hannuna, na ɗora yatsu a kan soson. In cire shi, in cika hannu da ɓuntu da rairayi in ɗura mata a maƙogwaro, ta yi ƙat, in jefa a buhu, in washe baki, shi ke nan abin da ya rage.

"Ni ma wasa za ni yi," na ce.

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Tun muna yara ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Kuma ba shi da bakin hana ni.

"Ku dakata."

Inna ce. Ta ɗaga hannu daga kan tabarma, fuskarta tana fuskantar kukan injin.

"Wagga mai kuka, ita ta ta yaron ga?"

Yatsuna suna kan soson. In na ce a'a, na gaya wa tsohuwa gaban jama'a cewa muryar da take jira ta mutu. In na ce e, ba zan iya shaƙe ta a kunnenta ba. Taubashina ya hango mafita, ya yi wuf.

"Ita ta, Goggo! Wallahi ita ta!"

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ashe ka gyara ɓarnar da kay yi. Allah shi yi maka albarka. Tunda ita ta, a sa mani ita mota mu koma da ita gida, can ta dace. Kuma tunda hannunka tas sani, duk sadda niy yi marmarin jin ta, kai za ka taho ka tada mani."

Ya dubi ubansa. Kawu ya ce, "Ka ji abin da Goggonka tac ce." Goggo ba taubashiya ba ce, maganarta ba wasa ba ce, kuma wa zai tsaya ranar Salla ya ce ya rantse wa makauniyar yayar ubansa a kan ƙarya? Na miƙa masa buhun na ce, "Kashe ta ka sa ciki, ubangida, ka kai mani but." Da hannunsa ya sa ta, da hannunsa ya ɗaure bakin.

Duk da haka raina bai yi fari ba. A hanyar komawa, bayan la'asar, yara sun yi barci a baya, ina tuƙi ina cin rai. Gani nake taubashina ya sace har muryar Yaya ya liƙa wa motarsa, an bar Inna da ƙarya. Mun wuce gonakin albasa na kasa haƙuri.

"Inna, wagga motar da ac cikin buhu..."

"Na sani," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ta yaron ga muryarta ta hi kauri. In tas sha kwana takan shaƙe kaɗan kahin ta ɗauka. Wagga awa sauro. Ta yaron ga ita ta marar magana, wadda kaka ta gurza a zaure tun bara. Na ji iskarta ta wuce gabana."

Saura kaɗan in saki hanya. Na ce to don me ta yi haka?

"Da ka kashe mai ita, yau shi ji zahi, jibi shi sayi wata." Ta gyara mayafi. "Ni da nic ce ba a hushi, ce maka niy yi na manta? Bar shi shi ja igiya."

Yana ja kuwa. Marmarin Inna ba ya tashi sai ranar kasuwar shinkafa, kuma sai rana ta take. Ni nake buga wayar, ina jin daɗin bugawa. Ya taso daga Argungu da man da shi yake yin saƙonsa, ya durƙusa a ƙofar gidana a Badariya, maƙwabta suna leƙe. Injin nan ba ya son zafi, sai ya ja, ya ja, yatsunsa su yi bororo kafin ya kama. Ya daina ce mini bawa a gabanta. Ban yafe ba, kuma ban ga ranar ba.

Ni kuwa ina fito da ta Yaya in ajiye a gefen tabarmarta, ta ɗora hannu a kan rufin, nan hannun yake zama har a gama. In jar ta tashi ta yi ihunta ta mutu, sai Inna ta ce ba ta ji da kyau ba, a sake. Ya koma ya durƙusa. Ita kuma ta karkato wajena ta rage murya.

"Shina gumi?"

"Sharkaf, Inna."

"To, madalla."